Muhawara: Lasisin da ake ƙirgawa da ƙwaya, mu sayi manyan sabobi ko mu raba ƙafa da gajimare?

Ma'aikaci daga Bompai:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku kafin kamfaninmu ya sa hannu a kan wani ciniki. Muna da tsofaffin sabobi 4, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojin kamfani, a ɗakin kwamfuta, kowace tana ɗauke da furosesa 2, kowace furosesa kuma tana da ƙwayar sarrafawa (core) 8, jimla ƙwaya 64 ke nan. A kansu muke gudanar da sabobin kwaikwayo, wato sabobin da manhaja ke ƙirƙira a cikin ta ƙarfe, kusan 30 masu Windows Server, biyu daga cikinsu suna riƙe da SQL Server Enterprise, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, sannan akwai wani ɗan ƙaramin rumbun bayanai na Oracle wanda manhajar albashi ta dogara da shi. Duka a bisa VMware suke, manhajar da ke tafiyar da sabobin kwaikwayon. Mai kawo mana kaya ya ba da shawarar mu maye gurbinsu da sabbi guda 3, kowace da furosesa 2 masu ƙwaya 32, sannan mu ajiye kwafin ko-ta-kwana a gajimare, wato sabobin haya da ake kaiwa gare su ta intanet, domin ranar da ɗakinmu ya sami matsala. Kuɗin ƙarfen bai tayar wa kowa da hankali ba, amma da takardar farashin lasisi ta iso sai shugabanni suka ce a dakata. Aikinmu bai ƙaru ba, ma'aikatanmu ba su ƙaru ba, yawan sabobin ma raguwa ya yi, to daga ina wannan tsadar ta fito?

Injiniya daga Zoo Road:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Tsadar daga lissafin da ka kawo da kanka ta fito: kana da ƙwaya 64, ana so a mayar da kai 192, kuma duk manhajojin da ka ambata ƙwaya suke ƙirgawa, ba su duban yawan aikin da ƙwayar take yi. Microsoft ta bar ƙirga furosesa ta koma ƙirga ƙwaya a SQL Server tun fitowar 2012, a Windows Server kuma tun fitowar 2016. Ƙa'idar Windows Server ita ce a biya wa dukkan ƙwayoyin da ke cikin sabar ƙarfe, mafi ƙaranci 8 ga kowace furosesa, 16 ga kowace saba. Farashin da kamfanin ya wallafa na Windows Server 2022 Datacenter shi ne dala 6,155 a kan ƙwaya 16. Tsofaffin sabobinka za su ci dala 24,620, sabbin kuma dala 73,860, kuma wannan bai haɗa da lasisin masu shiga ba, wanda ake ƙirgawa da kan mutum ko na'ura.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ƙaramin nau'insa, Standard, ya fi araha saboda farashinsa dala 1,069 ne. Standard sabobin kwaikwayo 2 kaɗai yake ba ka dama, idan kana son wasu 2 sai ka sake biya wa dukkan ƙwayoyin sabar daga farko. Tun da kuma a gungu kake, wato sabobinka haɗe suke suna aiki tare, sabar kwaikwayo tana iya tashi daga wannan ƙarfe ta sauka a wancan, alhali ba a mayar da lasisi daga wata saba zuwa wata sai bayan kwana 90, dole kowace saba ta kasance da lasisin da zai ɗauki mafi yawan abin da zai iya sauka a kanta. Da zarar adadin ya kai 11 ko 12 a kan saba guda, Datacenter ya riga ya fi sauƙi.

Ma'aikaci daga Bompai:
Na gode, Yaya. To VMware fa? A da lasisin dindindin muke da shi, muna biyan kuɗin tallafi kawai duk shekara.

Injiniya daga Zoo Road:
Wancan zamanin ya wuce. Broadcom ta kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, a watan Disamba kuma ta daina sayar da lasisin dindindin, ta mayar da komai biyan haya, ana ƙirgawa da ƙwaya, mafi ƙaranci 16 ga kowace furosesa. Ko a kan tsofaffin sabobinka ka zauna, furosesa mai ƙwaya 8 a matsayin mai 16 za a ƙirga ta, ka biya wa 128 alhali 64 gare ka. A da, a ƙarƙashin ƙa'idar 2020, lasisin furosesa guda yana ɗaukar har ƙwaya 32, shi ya sa masu kawo kaya suka saba ba da shawarar furosesa mai ƙwaya 32. Shawarar da aka ba ka ta dace da waccan ƙa'ida, ba ta dace da ta yau ba.

Hajiya Akanta, Sharaɗa:
Malam na Bompai, ni daga ɓangaren kuɗi zan yi magana, domin mu ne takardun nan suke ƙarewa a teburinmu. Duk alƙaluman da Injiniya ya kawo da dala suke, mu kuwa da naira muke sayar da kaya. A farkon watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya sayi lasisin dindindin ya sha zafin sau ɗaya, amma wanda ke biyan haya duk shekara yana komawa kasuwar canji duk shekara, kuma kowace ƙwaya da aka ƙara a gungu wajibi ce da za ta riƙa dawowa da dala muddin sabar tana aiki. Sai a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Idan kuma yarjejeniyar lasisin kai tsaye ce da kamfanin waje, akwai batun yi mata rajista a hukumar NOTAP mai kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha kafin a nemi canji ta banki, wanda shi ma yana buƙatar lokacinsa.

Abin da nake roƙon 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta shi ne su daina kawo mana farashin ƙarfe shi kaɗai a matsayin kuɗin aiki. A kawo lissafin shekara 5 gaba ɗaya, ƙarfe da lasisi da tallafi da wuta da dizal, mu ga inda nauyin yake.

Matashi daga Farm Centre:
Iyayena, a gafarce ni, amma ni ina ganin duk wannan wahalar ta samo asali ne daga nacewa a kan ɗakin kwamfuta na gida. Me ya sa ba za a kwashe komai a kai gajimaren Amazon (AWS) ko na Microsoft (Azure) ba? A can lasisin yana cikin kuɗin haya na awa, idan ka kashe saba kuɗi ya tsaya, babu janareta, babu na'urar sanyaya ɗaki. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ajiye sabobi a Kano ya zama aiki mai tsada. AWS ma yanzu tana karɓar naira.

Dattijo daga Nasarawa:
Ɗana, maganarka a kan wuta gaskiya ce, amma ƙirgar ƙwaya ba ta tsaya a ƙofar gajimare ba, binka take yi har can, wani lokaci ma ta fi tsanani. Karɓar naira kuma bai sauya cewa da dala ake yanke farashin ba. Bari in ɗauki Oracle, domin a ganina shi ne babban haɗarin da ke cikin tambayar nan, ko da yake mai tambaya ya kira shi ɗan ƙarami.

Farashin Oracle Database Enterprise Edition a jerin kamfanin shi ne dala 47,500 a kan abin da suke kira furosesa guda, da kuɗin tallafi kashi 22 cikin ɗari duk shekara. A kan ƙarfen Intel ko AMD da ke ɗakinka, kowace ƙwaya rabin lasisi ake ƙirga ta. A AWS ko Azure kuwa, tun watan Janairun 2017 aka cire wannan rangwamen, vCPU 2, wato ƙwayoyin kwaikwayo da ake haya a gajimare, su ne lasisi guda idan kowace ƙwaya tana tafiyar da zaren aiki biyu. Ma'ana ƙwaya 4 da za su ci lasisi 2 a gida, idan suka zama vCPU 8 a gajimare lasisi 4 za su ci. Ƙarfin aiki ɗaya, kuɗi ninki biyu.

Amma abin da ya fi wannan muni yana cikin gida. Oracle ba ta amince da VMware a matsayin shingen da ke iyakance lasisi ba. A matsayarta, idan rumbun bayanan yana iya sauka a kan kowace saba ta gungun, to duk ƙwayoyin gungun ne za a biya wa. Tamkar mutum ne ya hau motar haya shi kaɗai daga Unguwa Uku, aka ce masa shata ya ɗauka, ya biya kuɗin kowace kujera. Ƙwaya 192, rabinsu 96, a ninka da 47,500, dala miliyan 4 da 560,000 ke nan, ban da tallafin shekara da ya haura dala miliyan 1. Saboda manhajar albashi guda. Don haka ƙanina na Bompai, kafin komai ka binciko wane nau'in Oracle kuke da shi, kuma a kan wane sharaɗi aka saye shi.

Malami daga Kabuga:
Ranka ya daɗe, a nan ina da ja. Wannan matsaya ta Oracle a cikin wata takardar manufa take, kuma takardar da kanta ta bayyana cewa don ilimantarwa aka yi ta, ba ta cikin kwantiragi. Abin da ke ɗaure mai saye shi ne yarjejeniyar da ya sa wa hannu, wadda take magana a kan furosesar da aka girka manhajar a kanta ko take gudana a kanta. Bai kamata mu riƙa tsorata kanmu da abin da ba mu sa wa hannu ba.

Kuma ni a ganina tambayar ta fi haka zurfi. Me ya sa kamfani mai sabobin kwaikwayo 30 zai ci gaba da zama a ƙarƙashin waɗannan ƙa'idoji tun farko? Proxmox VE, madadin VMware, manhaja ce buɗaɗɗiya, ana amfani da ita kyauta, wanda ke son tallafi kuma da gurbin furosesa ake ƙirga masa, ko ƙwaya nawa ne a ciki. PostgreSQL, rumbun bayanai madadin Oracle da SQL Server, ba shi da kuɗin lasisi ko kaɗan. Muna da matasa a Kano da suka iya waɗannan abubuwa, kuɗin da za a tura waje da dala gara a biya su da naira.

Dattijo daga Nasarawa:
Malam, abin da ka faɗa game da takardar haka yake, ban musa ba. Sai dai ka duba wanda zai yi wannan jayayya. Ranar da wasiƙar binciken lasisi ta iso, kamfanin Bompai ne zai ɗauko lauyoyi ya yi watanni yana musayar takardu da wanda ya fi shi ƙarfi da haƙuri. Ko da gaskiya tana gefensa, kuɗin kare ta ya fi kuɗin kauce wa rigimar. Saba guda ta ƙarfe mai ƙwaya 8, a ware ta daga gungun, ba ta haɗa ma'ajiya ko cibiyar gudanarwa da shi ba, lasisi 4 ne, dala 190,000 a farashin jeri. Idan kuma aikin zai yiwu da ƙaramin nau'in Oracle, Standard Edition 2, wanda da gurbin furosesa ake ƙirga shi a kan dala 17,500, kuma manhajar albashi da wuya ta fi ƙarfin zaren aiki 16 da aka iyakance masa, to an gama magana da ɗan kuɗi kaɗan. Shinge na zahiri ba ya buƙatar lauya.

Injiniya daga Zoo Road:
Ina goyon bayan Baba a kan wannan. Game da Proxmox kuma, Malam, ina son a fahimci iyakar abin da yake magancewa, domin na ga mutane da yawa suna ɗaukar cewa barin VMware ya raba su da ƙirgar ƙwaya baki ɗaya. Kuɗin VMware kaɗai yake cirewa. Sabobin kwaikwayo 30 ɗin nan Windows ne a cikinsu, kuma Microsoft ba ruwanta da abin da ke ƙarƙashinsu, ƙwayoyin ƙarfen za ta ƙirga ko Proxmox ne ko Hyper-V ko VMware. Hasali ma wanda ya riga ya biya Datacenter yana da Hyper-V, madadin VMware na Microsoft, a hannunsa ba tare da ƙarin kuɗi ba, don haka shi ma abin dubawa ne.

Komawa PostgreSQL kuwa ba shawarar sashen kwamfuta ce kaɗai ba. Idan kamfanin da ya rubuta manhajar ajiyar kaya ko ta albashi ya ce SQL Server ko Oracle kawai yake tallafawa, ka sauya rumbu ka rasa tallafinsa. Ga sabon aiki da za a fara yanzu, ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Malami daga Kabuga:
Na yarda da wannan iyaka, Injiniya. Amma ina neman a rubuta shi cikin sharuɗɗan sayen kowace sabuwar manhaja daga yau, cewa dole ta iya aiki a kan buɗaɗɗen rumbun bayanai. In ba haka ba bayan shekara 5 wannan muhawarar za mu sake yi.

Ma'aikaci daga Bompai:
Allah ya saka da alheri. Na koma na duba bayanan aikin sabobinmu na watannin baya kamar yadda wani ya ba ni shawara ta saƙon sirri. Furosesocin da wuya aikinsu ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, sai ƙarshen wata lokacin albashi da rufe lissafi. Abin da kullum yake cika shi ne ma'adanar wucin-gadi, wato RAM, da kuma faifan ajiya masu nauyin tafiya. Oracle ɗinmu kuma Enterprise ne, tun da daɗewa aka saye shi tare da manhajar. Yanzu tambayata biyu: yaya za a yi da SQL Server, kuma kwafin ko-ta-kwana da za mu ajiye a gajimare shi ma sai an saya masa lasisi?

Injiniya daga Zoo Road:
To ai ka samo amsar da kanka, ƙanina. Matsalarka RAM ce da faifai, kuma waɗannan biyun babu mai ƙirga su a lasisin da muke magana a kai. Ana so a sayar maka da abin da ba ka rasa ba, kuma shi ne kaɗai abin da ake biyan lasisi a kansa. Masu ƙera furosesa suna tseren yawan ƙwaya, AMD ta fitar da mai 96 a 2022, mai 192 a 2024, kuma hakan yana da amfani ga wanda ke tafiyar da manhajojin da ba a ƙirga musu ƙwaya. Amma duka AMD da Intel suna da furosesa masu ƙwaya 16 masu saurin gudu, waɗanda aka yi musamman domin irin halin da kake ciki. Sabobi 3, kowace da furosesa guda mai ƙwaya 16 ko 24 da RAM mai yawa da faifan NVMe mai sauri, za su ba ka ƙwaya 48 zuwa 72, kuma ƙwayar yau ta fi ta tsofaffin sabobinka ƙarfi nesa ba kusa ba. Sharaɗi ɗaya shi ne ka tabbatar biyu za su iya ɗaukar dukan aikin a ƙarshen wata idan ta ukun ta faɗi.

SQL Server kuwa hanya biyu gare shi. Ko ka biya wa duk ƙwayoyin ƙarfe da Enterprise, ko ka biya wa ƙwayoyin sabar kwaikwayo kaɗai, mafi ƙaranci 4 ga kowace. A farashin 2022, ƙwaya 2 na Enterprise dala 15,123 ne, na Standard dala 3,945. A kan gungu mai ƙwaya 192 hanya ta farko ta haura dala miliyan 1 da 450,000. Ta hanya ta biyu, sabobi 2 masu ƙwaya 8 kowace dala 120,984 ne da Enterprise, dala 31,560 da Standard. Sai dai daga fitowar 2022, ƙirga ta sabar kwaikwayo tana buƙatar Software Assurance, wato ƙarin yarjejeniyar da ake biyan Microsoft a kan lasisi, ko lasisin haya, kuma shi ne ke ba ta damar yawo a cikin gungu. Ka kuma tambayi kanku ko da gaske Enterprise kuke buƙata, domin Standard na 2019 da 2022 yana ɗaukar har ƙwaya 24 da gigabait 128 na ma'adanar rumbu, wanda ya ishi kamfanoni da yawa irin naku.

Dattijo daga Nasarawa:
Game da kwafin ko-ta-kwana, Microsoft da Oracle sun sha bamban ƙwarai, kuma a nan ne raba ƙafa ke yin riba ko asara. SQL Server mai Software Assurance, tun ƙarshen 2019, yana ba da kwafin da ke zaune yana jira ba tare da ƙarin lasisi ba, har da guda a Azure, muddin ba a karanta rahoto ko yin wani aiki a kansa. Oracle kuwa kwafin Data Guard, wato nata kwafin ko-ta-kwana, cikakken lasisi yake buƙata, ko da bai taɓa yin aiki ba. Rangwamen kwana 10 a shekara da ake yawan ambata na sabar da ke jira ne a cikin gungu guda mai ma'ajiya ɗaya, bai shafi kwafin da ke wani gari ba. Ga manhajar albashi, ajiye kwafin bayanai kawai a can, ba tare da girka Oracle ba sai ranar buƙata, ya fi dacewa da aljihunku.

Windows Server shi ma yana da nasa sharaɗin. Tun watan Oktoban 2019 Microsoft ta ware Amazon da Google da Alibaba da ita kanta a matsayin rukuni na musamman, ta taƙaita kai sabbin lasisi wurinsu. A Azure akwai Hybrid Benefit, damar kai lasisin gida can, ga mai Software Assurance, a AWS kuwa galibi sai ka yi hayar Windows tare da sabar. A watan Oktoban 2022 aka buɗe wa sauran masu ba da hayar saba da ba su cikin wancan rukuni ƙofa, ta yadda mai Software Assurance zai iya kai lasisinsa wurinsu. Wannan ya sa cibiyoyin adana bayanai na cikin gida, a Legas ko Abuja ko nan Kano inda Galaxy Backbone take da cibiya, suka zama abin sakawa cikin lissafi. Kada a manta cewa cikakkun yankunan Azure da AWS da ke nahiyarmu a Afirka ta Kudu suke, Johannesburg da Cape Town, kuma bayanan albashin ma'aikata suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da su waje.

Matashi daga Farm Centre:
Na karɓi gyara, Baba. Abu ɗaya zan ƙara: idan har za a ɗaga SQL Server a gajimare, Azure tana da sabobin da aka rage musu vCPU aka bar musu RAM na babbar saba, AWS ma tana ba da damar rage ƙwaya lokacin kunna saba. Kuɗin hayar ƙarfen ba ya raguwa, amma ƙwayoyin da za a biya wa lasisi suna raguwa.

Hajiya Akanta, Sharaɗa:
Malam na Bompai, ga abin da zan nema idan ni ce a teburin kamfaninku. Dillalin lasisi ya kawo takardar farashi a kan ƙwaya 48, da 72, da 192, kowace ta shekara 5, a ware kuɗin da za a biya sau ɗaya da wanda zai riƙa dawowa, kuma a rubuta adadin da dala da farashin canjin da aka yi amfani da shi. Duk wani haƙƙi da ya ce kuna da shi, musamman na kwafin ko-ta-kwana, ya nuna shi a rubuce cikin sharuɗɗan kamfanin da ya mallaki manhajar, domin maganar baki ba ta shiga fayil ranar bincike. Kuma kada a ba mai kawo ƙarfe odar komai sai wannan takarda ta iso.

Ma'aikaci daga Bompai:
In sha Allahu haka za a yi, Hajiya. Na riga na nemi mai kawo kayan ya sake farashi a kan sabobi 3 masu furosesa guda, da wata ƙarama daban domin Oracle, na kuma rubuta wa masu manhajar albashi ina tambayar ko suna tallafa wa Standard Edition 2. Yaya Injiniya, idan takardun sun iso zan turo adadin ƙwayoyin da RAM a nan ka duba mini ko sabobi biyu za su ɗauki nauyin ƙarshen wata.